Kakata Mai Bi: Shaida a Kan Tsawon Rai da Riƙon Addini



Da aka neme ni in yi magana a kan zaman Musulmi da Kirista a wannan ƙasa tamu ta Potiskum da Fika, sai na ga cewa maimakon in jero muku hujjoji daga littattafai, waɗanda malaman da ke zaune a gabana sun daɗe da karantar da su, gara in tsaya matsayin mai ba da shaida a kan mutum guda wadda na sani tun ina goye, watau mahaifiyar mahaifina, wadda ta rasu bara tana da shekara fiye da 90, Kirista ce tun ƙuruciyarta har ranar da aka sa ta a kabari, alhali kuwa ni da nake muku bayaninta Musulmi ne ɗan Musulmi. Ba zan ambaci sunanta ba, domin a gidanmu ba a kama sunan babba. Kaka muke ce mata, ita kuma tana ce mini Maigida, kamar yadda kakanni mata ke yi wa jikokinsu maza, har zuwa lokacin da na fara ba da karatu a zaure, sa'an nan ta mayar da shi Malam Maigida.

Mutanen zamaninta da aukuwa suke lissafin shekaru. Ita takan ce an haife ta a shekarun da fara ta cinye gero, watau farkon shekarun 1930, a wani ƙauye na Karai-Karai ba nisa da Kukar Gadu, 'yan shekaru kaɗan bayan Sarkin Fika Muhammadu Ibn Idrissa ya tashi daga tsohon garin Fika ya dawo da fadarsa Potiskum a 1924. Ke nan ta ga zamanin sarakunan Fika uku. An haife ta a Lardin Borno ƙarƙashin Turawa, ta yi aure ta haifi 'ya'yanta a Jihar Arewa, aka wayi gari a 1967 aka ce mata tana Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 aka ce Borno, a 1991 aka ce Yobe, duk kuwa ba ta taɓa ƙaura ta yi nisan da ya wuce tafiyar yini ba. Ta sayar da ƙuli-ƙuli da anini da kwabo, ta sayar da shi da naira bayan canjin kuɗi na 1973, shekarar da fari ya ƙone amfanin gona har mutane suka riƙa haƙa gidan tururuwa suna neman tsaba.

Yadda addinin Almasihu ya iso ƙauyensu sananne ne ga dattawan da ke nan. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda aka fara a 1893, ta daɗe ba ta sami izinin shiga ƙasashen sarakunan Musulunci ba, saboda gwamnatin Turawa ta hana, tana kiyaye alkawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za ta taɓa addininsu ba; da aka sassauta, sai suka shigo ta hanyar magani da karatu, suka nufi kabilun da ke kan addinin iyaye, suka kafa zango a Kukar Gadu cikin Karai-Karai, suka kuma kai Gadaka cikin Ngamo. Daga aikinsu ne ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Kaka ta je wurinsu ne da farko saboda gyambon da ya ƙi warkewa a ƙafar ɗanta na fari, tana amarya mai ɗa guda, ba ta ko jin Hausa sosai. Kowace safiya kafin a wanke gyambo sai mai bishara ya yi wa'azi. Gyambo ya warke, ita kuwa ta ci gaba da zuwa.

Kada wani ya zaci abu ne mai sauƙi. A wancan zamani ba a yi wa mutum baftisma sai ya daɗe a ajin koyo, ya iya karanta Littafi da kansa, ya rabu da tsafi, ya kuma rabu da giya, sha da dafawa. Ita kuwa dafa giya ita ce sana'ar da ta gada wajen uwarta, da ita take sayen gishiri da zane. Ta fasa tukwanenta da hannunta. Dangin mijinta suka ce ta jawo wa gida fushin kakanni, suka daina cin abincinta, har sai da mijin nata, kakana, ya bi ta cikin wannan hanya, sa'an nan aka saki jiki da ita kaɗan kaɗan. Da na girma na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba, sai ta ce, "Maigida, na ji tsoro mana. Amma wanda ya riga ya ce ya ba da gaskiya, da wane baki zai koma ya ce wasa yake yi?"

Ina so in daɗe kaɗan a kan karatunta, domin a nan ne na fi ganin himmarta. Mace ce da ta koyi baƙaƙen boko tana da goyo a baya, bayan ta dawo daga gona, cikin harshen da ba nata ba, a shekarun da gwamnatin Jihar Arewa ke ta fama da Yaƙi da Jahilci tana neman maza ma su zo aji suna nawa. Littafin da ta koya da shi, ta kuma mutu da shi, shi ne Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932, wadda Likita Walter Miller na Wusasa ke cikin manyan waɗanda suka yi aikinta. Baƙin bango gare shi, ta naɗe shi cikin ƙyallen atamfa, tana ajiye shi a cikin kwalla ta sama a jerenta, inda ko jika mafi ƙiriniya bai isa ya kai hannu ba. In ka dube shi ta gefe sai ka ga wajen Zabura ya yi baƙi saboda yawan buɗewa, gefen takardun ya lanƙwashe ya yi laushi. Tana karatu da yatsa a kan layi, da ƙarfi, kalma bayan kalma, ba ta tsallake ko sunayen zuriya masu wuyar faɗi. Da sabuwar fassara ta fito bayan kusan shekara 50, jikokinta suka sayo mata, ta karɓa ta sa musu albarka, ta ajiye, ta ci gaba da tsohon nata. Da yana ta rufe mata ido a ƙarshen rayuwa, sai 'ya'yan goggona suka riƙa karanta mata, in mai karatu ya yi tuntuɓe kuwa ta gyara masa da ka, kamar yadda gardi ke gyara wa ƙolo.

Ni ba ta taɓa cewa in karanta mata ba, ko da babu kowa a gida sai ni, tun daga ranar da aka sa ni makarantar allo. Haka kuma in na bar allona a ƙasa na tafi wasa, sai in dawo in tarar ta ɗauke shi ta jingina a kan rumbu, ta kuma yi mini faɗa mai zafi, tana cewa abin da aka rubuta sunan Allah a kansa ba a barinsa inda kaji ke tsallakawa.

Ibadarta ta yau da kullum ba ta da ado. Kiran assalatu shi ne agogonta. Da ladan ya ɗaga murya sai ta tashi, ta durƙusa a gefen gadonta, ta yi addu'a da Karai-Karai, domin ta ce da Hausa take karatu amma da harshen uwarta take kuka. A cikin addu'ar nan kuwa sai ta kira sunan kowane ɗa da jika da tattaɓa-kunne ɗaya bayan ɗaya, Kirista da Musulmi, na gida da na nesa, har addu'ar ta riƙa tsawo shekara bayan shekara gwargwadon yadda zuriya ke ƙaruwa. Duk sa'ad da za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi gari cikin tafin hannu ta zuba a wata ƙwarya ta dabam, ran Lahadi ta kai baiko. A Zumuntar Mata ita ce mai buga tulu shekaru masu yawa, amma abin da matan suka fi tunawa da ita shi ne itacen da take kai wa mai jego, da kwanan da take yi a gidan da aka yi rashi. Da kaka ta yi, in an ɗaure dammuna, sai ta ware ɗaya cikin goma ta aika majami'a. Mahaifina, wanda ya san cewa zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar ita ma ushuri ce in ya kai nisabi, yakan ware nasa a fegi guda da ita, kowa ya aika inda addininsa ya umarce shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi kowane nauyi a rayuwarta. Mahaifina, ɗan nan da gyambonsa ya kai ta mishan, ya zo Potiskum yana saurayi a shekarun 1960, ya zama yaron mota, daga baya direba, a wannan gari da Allah ya ajiye a mahaɗar hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauchi da Gashua, wanda har gobe ba a raba shi da manyan motoci da kasuwar shanu. A hannun ubangidansa ya musulunta. Da labari ya kai ƙauye, goggona ta gaya mini Kaka ta yi kwanaki ba ta iya haɗiye tuwo, tana kuka, tana ganin ta yi hasarar ɗa duniya da lahira. Kuma wajibi ne mu Musulmi mu fahimci wannan baƙin ciki a kan haƙiƙarsa, domin shi ne daidai abin da kowace uwa a cikinmu za ta ji in nata ɗan ya bar Musulunci. Da ta gama kukanta sai ta surfa gero, ta ɗauka a ka, ta tako har Potiskum, ta nemi inda yake kwana, ta ce masa, "Hanyar da ka bi ban yarda da ita ba, ba kuwa zan daina roƙon Allah ya komo da kai ba. Amma ni na haife ka. In za ka yi Musulunci, to, ka yi shi da gaske, kada in ji an ce ɗana ba ya salla."

Shekara fiye da 50 suka yi a kan haka, ba wanda ya sauka daga matsayinsa. Shi yana kiranta zuwa ga Musulunci da ladabi, musamman bayan ya dawo daga Hajji. Ita tana ambaton sunansa kowace asuba da fatan da ba ta ɓoye masa ba. A nan ne nake saɓa wa masu cewa zaman lafiya tsakanin addinai ba ya samuwa sai kowa ya sassauta riƙonsa, ya ce duk ɗaya ne. Kaka ba ta taɓa cewa duk ɗaya ne ba, mahaifina ma bai taɓa faɗa ba, da wani ya faɗa a gabansu da dukansu biyu sun tsawata masa. Abin da na gani da idona shi ne, saboda ta san nauyin durƙusawa gaban Allah, shi ya sa ta san darajar wanda ya sa goshinsa a ƙasa, ko da tana ganin ya kuskure hanya. Wanda addininsa bai dame shi ba kuwa, ban ga dalilin da na wani zai zama abin girmamawa a wurinsa ba.

Kuma abin ya bayyana a aikace. In watan azumi ya kama tana gidanmu, ita ke tashin mu sahur, ita ke dama kunun tsamiya tun la'asar, ba ta kuwa cin kome a gabanmu da rana. In Kirsimeti ya zo, sai ta aiko a kira mahaifina ko wani malami ya yanka akuyar, don kada wani jika ko maƙwabci ya yi shakkar cin naman. Al'ada ce da Kirista da yawa na ƙasar nan suke bi, ya kuwa kamata a yaba musu a kanta. A nasa ɓangaren, mahaifina bai taɓa barin ta rasa motar zuwa taron Zumunta ba, shi ya rufa mata ɗaki da kwano, shi ya biya kuɗin aikin idonta. Wasu abokansa sun yi masa magana a kan haka, sai ya kai matsalar gaban malaminsa, malamin ya buɗe masa Suratu Luƙman, inda aka hana ɗa yi wa iyaye biyayya a kan barin tauhidi, aka kuma umarce shi a wuri guda ya zauna da su da kyautatawa a duniya, ya kuma ba shi labarin Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce ta ta sadar da zumuncinta. In haka ne hukuncin uwa mai bautar gumaka, ina ga uwa daga Ma'abota Littafi, mutanen da sarkinsu Najjashi ya ba Sahabbai mafaka a Habasha sa'ad da danginsu na Makka suka ƙuntata musu?

Sai shekarun fitina suka zo, waɗanda babu mai buƙatar in tuna masa da su a wannan zaure, amma shaidata ba ta cika sai da su. A farkon 2012 aka ba Kirista wa'adi su bar Arewa, iyalai da yawa suka kwashe zuwa Jos da Bauchi da wasu wurare, majami'u suka zama kufai. A watan Mayu na shekarar aka afka wa kasuwar shanu. A daren Kirsimeti aka kashe masu sujada tare da fastonsu a wani ƙauye kusa da nan. A watan Yuli na 2013 aka hallaka mutum fiye da 40 a makarantar Mamudo, galibinsu ɗalibai, ana cikin dokar ta-ɓaci, an yanke layukan waya, uwa ba ta da hanyar jin labarin ɗanta. A watan Nuwamba na 2014, cikin mako guda, bam ya tashi a jerin gwanon Ashura, wani kuma ya tashi a tsakiyar ɗalibai a makarantar kimiyya suna taron safe. A watan Yuli na 2015 aka kai hari wata majami'a a cikin gari ran Lahadi. Wutar ba ta tambayi kowa addininsa ba kafin ta ci shi, ko da yake kowane ɓangare yana da ranakun da aka nufe shi musamman.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda fasto ne, ya zo da mota zai kai ta Jos. Ta ƙi. Ta ce mijinta a nan yake kwance, ita kuma ta tsufa da koyon sabuwar rijiya. Da aka matsa mata, iyakar abin da ta yarda da shi shi ne ta dawo gidanmu a cikin gari, tsakiyar unguwar Musulmi, inda ta zauna har ƙura ta lafa. Duk unguwa an san akwai tsohuwa Kirista a gidan Alhaji, a lokacin da kalma guda a kunnen da bai dace ba ta isa ta jawo halaka, amma ba wanda ya buɗe baki, limamin unguwarmu ma, Allah ya saka masa, yakan tsaya a zaure bayan sallar isha ya tambaya, "Yaya Iya ta wuni?" Ran Lahadin da ba a iya fita, sai ta sa zanen Zumunta, ta zauna a ɗakinta, ta yi waƙoƙinta a hankali daga Littafin Waƙoƙi, matan gida su hana yara hayaniya har ta gama. Ranar da aka kashe ɗaliban makarantar kimiyya, akwai ɗan maƙwabcinmu a ciki, yaron da yakan ɗebo mata ruwa; ta sa aka riƙe mata hannu har gidan, ta zauna cikin mata kwana uku na zaman makoki, ba ta da abin faɗi sai hawaye.

Ta rasu a ɗakinta na ƙauye, da damina, bayan gajeriyar jinya. Matan Zumunta suka yi mata wanka da sutura, baffana da 'yan'uwansa fastoci suka yi mata jana'iza bisa ga addininta, mu Musulmin zuriyarta muka tsaya inda shari'armu ta tsayar da mu, muka karɓi gaisuwa, muka ciyar da baƙi, ba wanda ya ga laifin wani. An tambaye ni, a asirce da a sarari, me nake cewa game da makomarta. Amsata ita ce hukuncin lahira na Allah ne shi kaɗai, ba a ba ni shi ba. Abin da aka ɗora mini shi ne in faɗi gaskiya in an nemi shaidata, kuma na shaida ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ban taɓa ganin ta ci haƙƙin wani ba, ban kuma san wanda ya kwana da yunwa da saninta ba.

Saura magana guda, wadda na ajiye ta ƙarshe saboda ta shafi gidaje da yawa a ƙasar Fika da Potiskum da Nangere, inda da wuya ka sami babban gida na Karai-Karai ko Ngamo ko Ngizim da addini bai ratsa shi ba. Malamai sun sani, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da sauran littattafan mazhabar Malik, cewa saɓanin addini yana hana gado, kuma a kan wannan ne zumunci da yawa ya tsinke bayan an rufe iyaye, gona guda ta kai 'yan'uwa gaban alƙali. Kaka ta ji wannan hukunci daga bakin mahaifina, ba ta yi gardama da shi ba, sai ta tambaya ko akwai wata hanya. Aka gaya mata cewa kyauta tana halatta tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, da sharaɗin mai bayarwa yana da lafiya da hankali, wanda aka ba kuma ya karɓa ya mallaka tun mai bayarwa bai kwanta ciwon ajali ba. Saboda haka, shekaru kafin rasuwarta, ta tara 'ya'yanta maza da mata, ta kira mai unguwa da dattijon ikilisiya da limami su zama shaidu, ta zaga gonar da sandarta tana nuna iyaka, ta raba awakinta, ta sa kowa ya noma rabonsa a daminar nan tana kallo. Ranar da ta rasu ba ta mallaki kome ba sai tufafinta da kwallayenta da Littafinta, wanda ta riga ta yi wasiyya a ba babbar jikarta.

Ina roƙon malamanmu masu karantarwa a zaure da masallaci, da fastoci a nasu wuraren, su riƙa bayyana wa tsofaffin da zuriyarsu ta rabu wannan babi na kyauta da wasiyya tun suna da ƙarfin zaga gona, su kuma nuna musu muhimmancin shaidu da rubutawa a takarda. Shugaban taro, baffana fasto da goggona suna zaune a sahun gaba, su ne suka ga rabon gonar da idonsu, kuma sun yarda su amsa tambayar duk wanda ke son sanin yadda aka yi.